Bandeji mai ɗauke da magani: darasi a kan rauni da gyambo

 Darasinmu na yau a kan rauni ne. Za mu ga yadda rauni yake lalacewa ya koma gyambo. Za mu kuma ga wata dabara da masana suka samo ta kai magani har cikin ciwo, ya zauna a can yana aiki.

Babu manomin da bai san rauni ba. Da damina, kalme da hauya suna sarar ƙafa. Da kaka, kututturen kara yana huda tafin ƙafa. Da rani, masu garka a fadamun Dogondutsi da Matankari suna wuni cikin laka ba takalmi. Mata kuwa suna fama da wuta, da tafasasshen mai, da gatari wajen faskare. Yawancin waɗannan raunuka suna warkewa da kansu cikin mako 1 ko 2. Amma akwai waɗanda ba su warkewa.

Abin da ya samu wani manomi

Bara, lokacin noman farko, na je rangadi wani ƙauye tsakanin Kore Mairuwa da Gesheme. Na tambayi wani dattijo da na sani, aka ce yana kwance. Na iske shi a ƙarƙashin rumfa, ƙafarsa ta dama ta kumbura har gwiwa, ƙudaje suna binta.

Ya ba ni labari. Kalme ne ya kuɓuce masa ya sare shi a ƙwauri. Raunin bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ɗebi ƙasa ya danna don jini ya tsaya, ya yagi tsumma ya ɗaure, ya ci gaba da nomansa. Kwana 3 bayan haka wurin ya fara zogi. Ranar kasuwa ya aiki yaro ya sayo masa kafso, irin mai ja da rawaya da muke kira tupaye. Ya buɗe kafson, ya barbaɗa garin a kan ciwon. Garin ya bushe ya yi ɓawo. Ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Ashe mugunya ce take taruwa a ƙarƙashin ɓawon.

Na ce masa: "Baba, don mi ba ka je likita ba?" Ya ce: "Mushe, ai na sa magani. Maganin ma na Turawa."

Washegari aka ɗora shi bisa amalanke aka kai shi gidan likita. Daga can aka tura shi Dogondutsi. Aka yanke ruɓaɓɓen nama, aka riƙa wanke ciwon. Ƙafa ta tsira, mun gode Allah. Amma ya fi wata 2 bai taka gona ba. Maimai ya wuce shi, ciyawa ta danne hatsi, aka sayar da awaki 2 don biyan magani da kuɗin mota.

Maganar dattijon nan ta tsaya mini a rai. Gaskiya ya faɗa, magani ya sa. To, don mi bai warke ba? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu.

Mi ke faruwa cikin rauni?

Fata katanga ce. Ita ke hana ƙwayoyin cuta shiga jiki. Ƙwayoyin cuta ƴan ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani. Suna cikin ƙasa, da kashin dabbobi, da ruwan tabki, da hannuwanmu, har ma a kan fatarmu. Idan katanga ta tsage, sai su shiga. Cikin rauni suna samun ɗumi, da danshi, da abinci. Akwai irin da ƙwaya 1 take rabewa ta zama 2 cikin kamar minti 20 zuwa 30. Mai lissafi ya gwada ya gani: kafin gari ya waye, ƙwaya 1 ta zama dubbai bisa dubbai.

Jiki ba ya zama kawai yana kallo. Jini yana kawo dakarunsa, su yi yaƙi da ƙwayoyin. Mugunyar da muke gani gawarwakin wannan yaƙi ne: matattun dakarun jini, da ƙwayoyin cuta, da naman da ya narke.

Akwai wani abu da masana suka gano, wanda ya kamata mu fahimta da kyau. Idan ƙwayoyin cuta suka daɗe cikin ciwo, sai su haɗu su gina wa kansu wani rufi mai yauƙi. Kun san yadda cikin randa yake yin santsi idan an daɗe ba a wanke ta ba. Ko an zubar da ruwan an sake wani, santsin yana nan, sai an sa hannu an goge. Haka ƙwayoyin cuta suke yi a kan nama da ƙashi. Idan suka shiga ƙarƙashin wannan rufi, maganin da zai kashe su a fili ba ya iya kashe su, sai an ninka ƙarfinsa sau da yawa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa tsohon gyambo yake da wuyar magani.

Hanyar magani ita ce jini

Maganin da ke kashe irin waɗannan ƙwayoyi sunansa antibiyotik. Na farko da ya shahara shi ne penisilin, wanda wani masani mai suna Alexander Fleming ya gano a birnin Landan a shekarar 1928. Tun daga lokacin, antibiyotik ya ceci rayukan da ba su ƙidayuwa.

Idan mutum ya haɗiye ƙwayar magani, ko aka yi masa allura, maganin yana shiga jini. Jini ne yake zagayawa da shi ko'ina: kai, da ciki, da hannu, da ƙafa. Ɗan kaɗan ne yake isa wurin ciwon. Mai garka ya san wannan. Idan hanyar ruwa ta toshe, ko an yi ta zuba ruwa daga sama, fangalin da ke ƙarshe ba ya sha. Mataccen nama ba shi da jini. Mugunya ba ta da jini. Ƙashin da ya mutu ba shi da jini. Nan ne kuwa ƙwayoyin cuta suke ɓuya. Ga magani a jiki, ga cuta a jiki, amma ba su haɗu ba.

Wani zai ce, to a ƙara yawan maganin mana. Nan ma akwai matsala. Magani mai ƙarfi idan ya yi yawa cikin jini yana yin ɓarna. Misali, akwai wanda ake kira jantamisin. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma idan ya yi yawa ko aka daɗe ana yinsa, yana lalata ƙoda, yana kuma iya kurmantar da mutum.

Dabarar taki

Manoman ƙasarmu sun riga sun san maganin irin wannan matsala, sai dai a gona suka san shi. Da can, mai takin zamani yakan watsa shi ko'ina cikin gona. Buhu ya ƙare, ciyawa ta ci, ruwa ya tafi da saura, hatsi ya samu kaɗan. Daga baya masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka nuna wata hanya: a ɗibi taki kaɗan da yatsu 3, a sa shi cikin ramin shuka, kusa da iri. Giram 2 na takin DAP, ko giram 6 na NPK, ya ishi rami 1. Taki kaɗan, amma yana daidai inda saiwa take.

Masana lafiya ma haka suka yi tunani. Suka ce: mu sa magani daidai inda cutar take. Amma zuba shi kawai bai isa ba, don ruwan ciwo zai wanke shi cikin ƴan sa'o'i. Sai an samu wani abu da zai riƙe maganin, ya riƙa sakinsa sannu a hankali, kamar yadda sabon tulu yake tsatso ruwa. Kuma dole wannan abu ya zama wanda jiki zai karɓa, ba ya ƙona nama, ba ya kawo wata cuta. Neman irin waɗannan abubuwa ya zama babban fannin ilimi a duniya.

Abubuwan da ke ɗaukar magani

Mafi sauƙi shi ne wanda ake gani a gidajen likita: ƙyalle mai raga-raga wanda aka jiƙa da man bazilin. Ma'aikatan lafiya suna kiransa tul gra. Wani Bafaranshe mai suna Auguste Lumière ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, don bandeji ya daina mannewa da naman sojoji. Daga baya aka riƙa haɗa man da antibiyotik ko aidin. Ƙyallen yana riƙe maganin a kan ciwo, kuma ranar da za a cire shi ba ya ɓamɓaro sabon nama.

A nan sai mu gyara wani kuskure. Da yawa daga cikinmu muna cewa a bar ciwo ya sha iska ya bushe. A shekarar 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a kan dabbobi. Ya ga raunin da aka rufe ya zauna da ɗan danshi yana yin sabuwar fata da sauri, kusan ninki 2, bisa wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Saboda haka bandejin zamani ba busar da ciwo yake yi ba. Yana tsotse ruwan da ya yi yawa, ya bar danshi daidai gwargwado.

Na biyu ya shafi ƙashi. Idan ƙashi ya karye ya huda fata, kamar yadda yake faruwa a haɗarin babur bisa hanyar Doso zuwa Ƙonni, ƙasa tana shiga har ɓargo. Irin wannan ciwo yana iya shekaru yana zubar da mugunya. A shekarar 1970, a birnin Hambag na ƙasar Jamus, wani lokotoro mai suna Buchholz da abokin aikinsa suka haɗa antibiyotik da wani irin siminti na likita da ake liƙa ƙashi da shi. Suka ga maganin yana fita daga simintin kaɗan-kaɗan. Bayan ƴan shekaru, wani lokotoro a Farankfot, Klaus Klemm, ya mulmula wannan siminti ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gujiya, ya jera su a siririyar waya kamar tasbaha. Kowace ƙwaya tana ɗauke da jantamisin. Lokotoro yana buɗe ciwon, ya kankare mataccen ƙashi, ya cusa wannan tasbaha cikin ramin, ya ɗinke. Maganin yana taruwa da ƙarfi a cikin ramin, amma kaɗan ne yake shiga jini. Ƙoda ta huta, kunne ya huta. Aibinsa ɗaya: simintin ba ya narkewa. Sau da yawa sai an sake yin fiɗa an ciro shi.

Don kauce wa fiɗa ta biyu, aka nemi abin da zai narke da kansa. Ɗaya daga ciki shi ne farin garin da ake yin filastar ɗaurin karaya da shi. Asalinsa wani farin dutse ne mai laushi. Akwai shi a jihar Tawa, irinsa ne ake haɗawa wajen yin siminti a Malbaza. Idan an tace shi ƙwarai a masana'anta, ana kwaɓa shi da antibiyotik a yi ƴan ƙwayoyi. Cikin makonni jiki yana shanye su, ba sai an ciro ba. Akwai kuma wani soso mai laushi da ake yi da jijiyar shanu ko ta dawaki, a jiƙa shi da magani. Shi ma narkewa yake yi cikin ciwo.

Wasu abubuwan daga teku ake samo su. Akwai wata ciyawar teku da ake yin bandeji da ita. Idan ta taɓa ruwan ciwo sai ta koma kamar kamu mai kauri, ta cika ramin ciwon. Ana iya haɗa ta da sinadarin azurfa, don azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wani sinadari da ake cirowa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Abin mamaki, irin abin da ke cikin ɓawon nan yana cikin ɓawon farar da muke soyawa muna ci. Har ƙaron da yaranmu suke ɗebowa a jikin dakwara, masana suna gwada shi a ɗakunan bincike, ko zai riƙe magani a kan ciwo. Amma a lura: da yawa daga cikin waɗannan suna matakin gwaji ne tukuna.

Biyu daga cikin waɗannan dabaru sun fi burge ni, don ba daga ƙasashen masu kuɗi suka fito ba. Na farko daga Indiya. A birnin Bombai, wajen shekarun 1985 zuwa 1990, wani lokotoro mai suna Keswani yana kula da masu ƙuna da yawa, ga talauci. Sai ya riƙa karɓar ɓawon dafaffen dankalin turawa, irin pompiter ɗin da ake nomawa a Dogondutsi. A wanke ɓawon, a busar, a liƙa shi a jikin bandeji, a turara shi cikin tukunyar likita mai kashe ƙwayoyin cuta. A shafa man magani a kan ƙunar, a rufe da wannan bandeji. Ɓawon kansa ba ya kashe cuta. Aikinsa shi ne ya hana ciwo bushewa, ya hana bandeji mannewa, ya bar maganin a wurinsa. Kada wani ya karanta wannan ya je ya liƙa ɓawon dankali daga madafa. Sirrin yana cikin turarawar nan.

Na biyu daga maƙwabtanmu ne. A shekarar 1988, wani lokotoron fiɗa a Kalaba ta Najeriya, mai suna Efem, ya ba da rahoton marasa lafiya 59 masu raunuka da gyambuna, waɗanda yawancinsu an yi magani bai ci ba. Ya riƙa wanke ciwon yana sa zuma. Mutum 58 suka samu sauƙi sosai. Zuma tana janye ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta, tana da ɗan tsami da ba su so, tana kuma sakin wani sinadari mai kashe su sannu a hankali. Ita ce ɗaukar magani, ita ce kuma maganin. A yau akwai zumar likita, tatacciya, da ake amfani da ita a asibitocin Turai da Amurka. Sai dai zumar kasuwa ba a san cikinta ba. Wata an haɗa ta da sukari da ruwa, wata an dafa ta. Mai son sa zuma a ciwo ya fara nuna ciwon ga ma'aikacin lafiya.

Ba sihiri ba ne

Kada mu ɗauka duk abin da ya fito sabo ya fi. A shekarar 2010 aka ba da sakamakon wani gwaji a Amurka, a kan mutum 602 da aka yi wa fiɗar hanji. Rabi an sa musu soson nan mai jantamisin, rabi ba a sa ba. Cikin waɗanda aka sa wa, kashi 30 cikin 100 ciwonsu ya yi mugunya. Cikin waɗanda ba a sa wa ba, kamar kashi 21 ne. Wato a irin wannan fiɗa, soson bai taimaka ba. Shi ya sa ake gwada kowane abu kafin a yarda da shi.

Kuma duk lokotoron ƙashi zai gaya maka abu ɗaya: sai an cire mataccen nama da mataccen ƙashi kafin a sa komi. Wanda ya zuba taki bai yi noma ba, ciyawa ya ciyar.

Don mi kafso bai yi wa dattijo aiki ba?

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Dattijon nan ya yi tunani irin na masana: ya kai magani wurin ciwo. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Bai wanke ciwon ba. Ƙasar da ya danna tana ciki, ya zuba magani a kanta. Garin kafso kuma an yi shi ne don a haɗiye, ba don buɗaɗɗen nama ba. Yana cin naman, ya dunƙule da ruwan ciwo ya yi ɓawo, ya rufe wa mugunya hanyar fita. Babu abin da ke riƙe da maganin yana sakinsa daidai. Yau ya yi yawa, gobe babu. Sannan ba a san irin ƙwayar cutar da ke ciki ba, balle a san ko wannan magani yana kashe ta. Ba a ma tabbata akwai magani cikin kafson ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a shekarar 2017 cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin kowane magani 10, kamar 1 jabu ne ko maras inganci. Manyanmu ba su manta da shekarar 1995 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi wa dubban mutane a Nijar allurar rigakafi ta jabu. Ko maganin na gaske ne, wanda ya wuni a tire cikin zafin rana, kasuwa bayan kasuwa, ƙarfinsa yana raguwa.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan, don ita ba mutum ɗaya take shafa ba. Idan aka ba ƙwayoyin cuta maganin da bai isa ya kashe su duka ba, raunana suna mutuwa, masu taurin kai suna saura. Su ne za su hayayyafa, ƴaƴansu su gaji taurin kan. Gobe a kawo maganin, ya zama kamar ruwa. Fleming da kansa ya yi wannan gargaɗi a shekarar 1945. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, ƙwayoyin cutar da ba su jin magani sun kashe mutum kamar miliyan 1 da dubu 270 a duniya. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

A nan jiharmu ta Doso ma an ga fuskoki biyu na antibiyotik. A gundumomin Boboye da Loga an yi wani gwaji, ana ba ƙananan yara wani magani mai suna azitromisin sau 2 a shekara. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kamar kashi 18 cikin 100. Amma da aka ci gaba da dubawa, an ga ƙwayoyin da ba su jin wannan magani sun ƙaru a jikin yaran. Wannan kuwa magani ne na gaske, da awo, a hannun ma'aikata. Ina ga wanda ake barbaɗawa da ka?

Abin da za mu yi a gida da gona

Idan an ji rauni, a fara tsayar da jini. A danna wurin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga ƙafar ko hannun sama, a riƙe kamar minti 10 ba a leƙawa. Sannan a wanke hannu da sabulu, a wanke raunin da ruwa mai tsabta, mai yawa. A yi ta zubawa har ƙasa da ƙaiƙayi su fita duka. Wannan wanki ya fi kowane magani muhimmanci. Wanda zai iya, ya haɗa ruwan gishiri: a tafasa ruwa lita 1, a sa gishiri ƙaramin cokalin shayi 2 a shafe bakinsa, a bari ya huce. A yi amfani da shi a ranar, gobe a sake wani. Bayan wanki, a rufe raunin da bandeji, ko da ƙyallen da aka wanke aka tafasa aka shanya a rana.

Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko garin taba, ko baƙin man mota, ko baƙin garin cikin batir. Kashin dabba da ƙasa su ne gidan ƙwayar tetanos, ciwon da ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki. Yana bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, kuma yana kisa. Mata da yawa sun samu rigakafinsa wajen awon ciki, yara ma suna samu. Manyan maza ne da yawa ba a taɓa yi musu ba, su ne kuwa masu riƙe da kalme. Duk wanda ƙusa ko ƙaya ko kara ya huda, ya je ya nemi allurar, ko da raunin ƙarami ne.

Idan ƙuna ce, a zuba ruwa mai sanyi kamar minti 20. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. Idan cizon kare ne, a wanke da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita a ranar.

Rauni mai zurfi ko mai buɗaɗɗen baki, a kai shi likita cikin sa'o'i 6, don lokacin ne ɗinki ya fi kamawa. Sauran raunuka kuwa a riƙa duba su kullum. Idan zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko wurin ya kumbura ya yi zafi yana ƙyalli, ko mugunya da wari suka fito, ko kaluluwa ta taso a matsematsi ko hammata, ko masassara ta kama mutum, to ciwo ya fi ƙarfin gida. Kada a jira ranar kasuwa. Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta antibiyotik, a saya a farmasi, a sha yadda ya ce, har kwanakin su cika. Idan ya ce a dawo wankin ciwo bayan kwana 2, a dawo, ko da an ga sauƙi.

Ciwon da ya yi wata 1 bai rufe ba yana da dalili. Wataƙila ciwon sukari ne, wataƙila emasi ne, wataƙila cutar ta kai ƙashi. A nemi a yi awo. Mai gyambo kuma yana bukatar abinci mai gina jiki, don da abinci jiki yake yin sabon nama: wake, da gujiya, da nono, da ƙwai, da ganyen zogale.

Dabbobinmu ma haka

Karkiya tana cin wuyan shanun noma, kaya suna cin bayan jaki. Dokar ɗaya ce: a wanke, a hana ƙuda sauka don kada tsutsa ta shiga, a hutar da dabbar, a gyara abin da ya ci ta. A kira malamin dabbobi kafin a yi allura. Idan an yi wa saniya allurar antibiyotik, maganin yana fita cikin nononta da namanta na wasu kwanaki. Yawan kwanakin yana rubuce a jikin kwalbar. Kafin su cika, ba a shan nonon, ba a kai shi kasuwa.

Aikin wannan mako

Kowa ya nemo kwalin magani ko takardar bandeji da ke gidansa, ya zo da shi wurin karatu. Za mu nemi sunan maganin, mu rubuta shi a littafi. Sannan mu nemi haruffan nan 3, EXP, da lambobin da ke gabansu. Idan an rubuta 08/2027, ma'anarsa maganin yana aiki har ƙarshen wata na 8 na shekarar 2027. Mu ware waɗanda lokacinsu ya wuce, da bandejin da takardarsa ta yage, mu kai wa ma'aikacin lafiya na garinmu.